Yadda Kwamiti Ya Warkar da Babana

Jama'a, ku taya ni murna, babana ya warke. Ni ma ban sani ba sai da na je ofis aka faɗa mini, alhali daga ɗakinsa na fito, hannuna bai gama bushewa daga wanke ledar katifarsa ba.

Ga yadda aka yi. Na fita da safe a kan babur da niyyar in je in ji dalilin da ya sa Malama Nas ta daina zuwa gidanmu. Kafin in hau titi babur ya yi tari ya mutu. Na tura shi gidan mai, na tarar da layin da na ƙarshensa bai san ko na mai ne ko na ɗaurin aure ba. Wanda ke gabana ya rantse mini da baƙin gashi ya shigo layin, ga shi yanzu har furfura ta fara. Sai na jingine babur a wurin wani mai sayar da katin waya na kama hanya da ƙafa, tunda manya sun ce ƙarancin man na ɗan lokaci ne, kuma tafiyar ƙasa tana rage hawan jini.

Inda na nufa shi ne ofishin Hukumar Tausaya wa Dattawa, Allah ya ƙara mata tausayi. Saboda tsabar hikima an ɗora shi a can ƙololuwar bene, yadda duk tsohon da ya iya kai kansa to ya riga ya nuna ba ya buƙatar kowa. Akwai lif, har yau da guntun jan ƙyallen da aka yanka ranar buɗe shi, amma tun da ya sauko da Mai Girma Uban Tsofaffi na Ciki da Kewaye bai ƙara motsi ba. Ni gyaran janareta ne sana'ata, don haka na ɗan leƙa, na ga ko wayar wuta ba a ja masa ba. Na hau matakala ina haki, na isa gaban akawu, na faɗi sunan Baba. Ya latsa kwamfuta, sai na ga fuskarsa ta washe.

"Malam, barka da arziki! An yaye mahaifinka."

"An yaye shi daga me?" na ce. "Mutumin da ya haura tamanin?"

"Daga shirin jinya a gida mana. Kwamiti ya je ya gan shi. Yana ci da kansa, yana wanka da kansa, har zaga gari yake yi. Irinsa muke alfahari da su."

Ya nuna mini wani ƙaton allo a bango, mai ɗauke da hoton Mai Girma yana rungume da wata tsohuwa da alama ba a nemi izininta ba. A ƙasa an rubuta cewa dattawa masu ɗimbin yawa sun miƙe da ƙafafunsu a bana. Ashe babana yana cikinsu, mu ne a gida ba mu lura ba.

Bari in gabatar muku da shi, don ku san wanda aka warkar. Duk unguwa Baba Tela ake ce masa. A zamaninsa babu angon da ya isa ya fita bai bi ta shagonsa ba, kuma shi kansa ba a taɓa ganinsa a ƙofar gida da riga mara guga ba, ko da shara zai zubar. Shekarun baya shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, hannun dama da ƙafar dama suka tafi hutu ba su dawo ba. Tun daga nan yana kwance. Yayata, wadda mijinta ya rasu, ita ta tattaro ta dawo gida take jinyarsa: ta juya shi, ta wanke shi, ta canza masa ƙunzugu, ta ba shi abinci a baki. Ni Auta aikina ɗagawa da aike, da kuma shan faɗa.

Abu biyu ne suka fi ƙarfinmu. Akwai robar fitsari da sai mai ilmin abin ke canzawa, akwai kuma gyambon da doguwar kwanciya ta huda masa a ƙugu. Waɗannan Malama Nas ce ke zuwa a kai a kai ta yi, da audugarta da bandejinta da almakashinta, ta auna jininsa, ta tsokane shi ya tsokane ta. A hannunta gyambon ya fara haɗewa. Duk abin da hukuma ta taɓa yi mana a duniya ke nan, kuma wallahi mun gode.

To sai aka aiko cewa Kwamitin Tantancewa zai zo duba masu jinya, don a tabbatar babu mai cin amanar shirin. Kun san manyanmu ba sa wasa da amana, in dai a hannun talaka take. Mu kuma da muka ji baƙi za su zo, sai muka yi abin da duk ɗan mutunci zai yi. Yaya ta wanke ɗakin har da bango, ta turare shi, ta cusa fo da ƙunzugu a ƙarƙashin gado. Na kira mai aski ya gyara wa Baba fuska. Shi da kansa ya zaɓi rigar da za a sa masa, ya sa aka mayar da ita guga saboda wai karin hannun bai fita ba. Muka ciccibe shi muka ɗora a kujera, muka tokare shi da matasai ta ko'ina, muka ɓoye jakar fitsarin a cikin riga, muka ɗora lafiyayyen hannun a kan matacce. Da aka kafa masa hula, ni kaina sai da na ji kamar in roƙe shi kuɗin kashewa.

Kwamiti ya iso cikin sabuwar mota mai sanyi, wadda kuɗinta zai sayi bandejin da zai naɗe unguwarmu gaba ɗaya. Mutum biyu ne: wani mai kwat, da wata mai babbar waya a hannu, wadda na raɗa wa suna Mai Latse-Latse don ban ga ta ɗago kai ba.

"Baba, ya jiki?" in ji mai kwat.

"Da sauƙi ƙwarai, alhamdu lillahi," in ji Baba.

Latse.

Ku da kuke da tsofaffi a gida kun san wannan amsar. Ko rai ya kawo maƙogwaro, in ka tambayi dattijo jiki, da sauƙi zai ce maka, kuma ba ƙarya yake yi ba, ladabi ne da godiyar Allah. Amma wayar Mai Latse-Latse ba a koya mata ladabi ba.

"Kana iya cin abinci da kanka?"

"Me zai hana?"

Latse.

"Wanka fa?" in ji ta, idonta a kan waya.

Baba ya dube ta sama da ƙasa. "Yarinya, ina wanka tun kafin a haifi ubanki."

Latse.

"Bayan gida?"

"Wannan ba tambayar da ake yi wa babba ba ce."

Ta latsa babu matsala.

"Kana fita waje?"

"Ko kwanan nan na zaga gari."

Gaskiya ya faɗa, don a bayan motar haya muka kai shi awon jini, yana kwance a cinyar Yaya yana kallon rufin mota. Kafin su tashi kuma ya kira mai kwat kusa, ya kama wuyan kwat ɗin da hannun hagu, ya ce wanda ya ɗinka wannan bai gama koyo ba, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya. Mai kwat ya yi dariya ya ce a rubuta hankali garau. Ni kuwa ina tsaye ina gyaɗa kai, ina jin daɗi babana ya fita kunyar baƙi. Ƙurar motarsu ba ta kwanta ba ya sulale a kujera, gumi ya jiƙa rigar, muka mayar da shi gado muka tarar gyambon ya buɗe saboda zaman. Garin neman gira muka rasa ido.

Wannan ita ce warakar da akawu yake yi mini barka a kanta. Na ce masa kuskure ne, mutumin ko juyi ba ya iya yi. Ya ce to in kawo shi ofis a gani. Na ce in na hawo da shi benen nan fa? Ya ce ai in ya iso nan, to ya tabbata yana iya fita ke nan. Na tambaye shi ko shi ya ƙirƙiro wannan dokar, ya ce a'a, sai da aka kai manya taron ƙara wa juna sani a wani otal na ƙasar waje kafin a samo ta. Da ya ga na zauna a benci na cire takalmi, alamar ban da niyyar tafiya, sai ya ce za a sake turo kwamiti, amma in sani daga wannan babu wani zuwan.

A hanyar komawa na tsaya wurin maƙwabcinmu Mai Faci, wanda ya yi jinyar tsohuwarsa har Allah ya karɓi abarsa. Yana danna tiyub a cikin bahon ruwa na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har ya saki tiyub ɗin.

"Kai Auta, kun yi wa kwamiti shara? Har da turare?"

"To baƙi ne."

"Wane irin baƙi! Baƙo shi ne wanda ya zo gaishe ka. Waɗannan rage suna suka zo yi. Ka ga tiyub ɗin nan? In bai fitar da kumfa a gabana ba, ba na sa masa faci, ko da mai shi ya rantse da iskar da ta zube. Haka suke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In za su dawo, kada ku share, kada ku wanke, kada ku canza masa komai. Ku bar su su shaƙa."

"Haba, Mai Faci. Baba Tela fa?"

"Kunyar mara kunya asara ce," ya ce, ya ci gaba da aikinsa.

Da na kai wa Yaya wannan shawara, ta ce in na sake faɗa sai ta kwaɗa mini ludayi. "Ina raye a ga ubana cikin ƙazanta? Me za a ce da ni?" Amma tana faɗa tana kallon ƙofar ɗakinsa, don ita ta fi kowa sanin halin da ake ciki. Tun da Malama Nas ta daina zuwa, gyambon ya fara ruwa yana wari, gefensa ya yi baƙi, jikin Baba yana ɗaukar zafi. Robar ta wuce lokacin canji, yana cije leɓe in fitsari zai fita. Mun kira Malama Nas a waya, muryarta kamar za ta yi kuka, ta ce an cire sunansa daga jerin waɗanda take dubawa, kuma kayan aiki a kulle suke, ba a ba ta sai da suna. Ta koya wa Yaya yadda za ta wanke da ruwan gishiri. Yaya tana yi, ta fito tsakar gida ta share hawaye ta koma.

Ni aka bar wa gaya wa Baba. Na zauna a bakin gado na yi ta kewaye-kewaye, har ya ce in faɗi abin da ya kawo ni. Da na faɗa, ya daɗe yana kallona.

"Auta, ni za ka shimfiɗa wa baƙi cikin najasa?"

"Baba, na yini ɗaya ne. Don Malama Nas ta dawo."

"Gara ƙafar ta ruɓe. Fita ka ba ni wuri."

Na fita. Ban ga laifinsa ba. Mutumin da aka raba da shagonsa da ƙafarsa da hannun da yake riƙe almakashi, abin da ya rage masa a duniya shi ne a shigo a same shi tsaf, shi ne kuma hukuma ta ce a kawo.

Abin da bakina ya kasa, bayan Yaya ne ya yi. Washegari da hantsi ina wurin aiki, ta sunkuya za ta juya shi ita kaɗai, sai bayanta ya riƙe. Ta zube a ƙasa a gefen gadon, ta kasa tashi, ta kasa ko jan jiki zuwa ƙofa. Shi yana sama a karkace, ita tana ƙasa, suna kallon juna, babu mai iya miƙa wa wani hannu. Haka na dawo cin abincin rana na same su. Da na ɗaga ta na zaunar, na gyara masa kwanciya, sai ya riƙe mini riga da hannun hagu.

"Yaushe mutanen naka za su zo?"

"Jibi, Baba."

"To kada a yi guga."

Ranar da za su zo ba mu taɓa komai ba. Fo yana tsakiyar ɗaki, ƙunzugun jiya yana jikinsa, jakar fitsari tana rataye a ƙafar gado inda kowa zai gani. Yaya ta zauna a tsakar gida ta juya wa ƙofar baya. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan safiyar ba, kuma ban taɓa jin haushin mutanen da ban sani ba kamar yadda na ji.

Sabuwar motar ta tsaya. Mai kwat ya sa ƙafa ɗaya a ɗakin, ya ja da baya, ya zaro hankici. Mai Latse-Latse, a karo na farko tun da na san ta, ta ɗago kai.

"Baba, ya jiki?" in ji mai kwat daga bakin ƙofa.

Baba ya ɗaga ido ya dubi rufi.

"Babu sauƙi," ya ce.

Daga nan bai jira tambaya ba. Idonsa a kan rufi, ya ce ba ya iya kai cokali baki, ba ya iya juyi, ba ya sanin lokacin da bayan gida ke zuwa masa, 'yarsa ce take wanke shi kamar jariri. Sannan ya ce, "Auta, yaye zanen." Na yaye, na juya shi. Mai Latse-Latse ta matso tana toshe hanci ta ɗauki hoton gyambon, ta ce haske bai yi ba, in ɗan ƙara karkato shi. Baba ya rufe ido, bai buɗe ba har suka fita.

A tsakar gida mai kwat ya ce an mayar da sunansa, ya ƙara da cewa ai da mun faɗi gaskiya tun farko da ba a wahalar da kwamiti ba, ga mai yana tsada. Ita kuma Mai Latse-Latse ta tsaya a kan Yaya.

"Ke ce mai kula da shi?"

"Ni ce."

"Gaskiya Hajiya, akwai sakaci. Tsoho yana buƙatar tsafta. Ya kamata a riƙa yi masa wanka, a share ɗaki. Dole in rubuta rashin kulawar iyali. Za mu gayyace ki taron wayar da kai."

Matar da bayanta ya ƙare a kan gadon nan, wadda ba ta je biki ko suna ba tun da ya kwanta, ta ɗago ta dube ta. Na matsa kusa don na ga ludayi a hannunta. Amma sai ta ce, "To. Mun gode, Allah ya saka."

Motar na tashi muka dafa ruwa. Ni na yi masa wankan, Yaya tana miƙo mini sabulu daga kan kujera. Can sai Baba ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, "Ashe abin da 'yar nan tawa take tararwa ke nan kullum." Yaya ta ce ruwa ya huce, bari ta ƙaro, ta fita ta daɗe ba ta dawo ba.

Malama Nas ta dawo, ta ga gyambon ta yi salati, ta ce da an ƙara jinkiri da sai dai asibiti, in an samu gado. Yanzu ya fara ja da baya, zafin jikin ya sauka. Na kuma ji a rediyo Mai Girma Uban Tsofaffi yana shelar cewa hukumarsa ta gano sababbin marasa lafiya masu yawa a bana, saboda haka tana neman ƙarin motoci. Kun ga babana ya yi wa ƙasa aiki sau biyu: ya warke an ƙirga shi, ya kwanta an sake ƙirgawa. In akwai adalci, ko tayar motar ɗaya a sa mata sunansa.

Jiya da yamma muna zaune aka yi sallama a ƙofa, wani tsohon abokin cinikinsa ne ya zo dubiya. Ya durƙusa ya ce, "Baba Tela, ya jiki?" Baba ya juyo da ido wurina, ya yafito ni, na kai kunne.

"Auta," ya ce a hankali, "wannan na ofis ne, ko namu ne?"

"Namu ne, Baba."

Ya gyara wuyan rigarsa da hannun hagu. "To, da sauƙi. Alhamdu lillahi."

Ku da kuke da tsoho a kwance, ku fara koya masa wannan tambayar tun yanzu, kafin sabuwar mota ta tsaya a ƙofarku.